Darasi na Tara: Suturar Mai Juna Biyu

A wannan darasi za mu karanta yadda jikin mace ke sauyawa a lokacin goyon ciki, da dalilin da ya sa samun kayan da za su dace da ita yake wahala, da abin da za ta faɗa wa tela don kuɗinta ya yi mata amfani. A ƙarshe akwai lissafi da aikin gida. Ku ɗauko tef ɗin awo idan akwai a gida, za mu buƙace shi.

Abin da na gani a akwati

Ina da wata ɗaliba a ajin yamma, matar aure mai ƙananan shekaru, wadda ba ta fashi. Ko ruwa ake tsugawa za ka same ta a bencin gaba da littafinta cikin leda. Kwatsam sai ta ɗauke ƙafa. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi. Ranar wata Asabar na ce bari in bi sawu.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe, da ɗaurin ƙirji, ta lulluɓa wani tsohon hijabi duk da zafin da ake yi. Cikin fari ne, ya shiga wata na shida. Bayan mun gaisa na ce, "Lafiya kuwa kika guje mu?"

Ta sunkuyar da kai. "Wallahi Malama lafiya lau. Kayana ne duk sun yi mini kaɗan."

Ta ja ni ɗaki ta buɗe akwatin lefenta. Atamfofi ne da leshi, masu kyau, duk an yi musu ɗinkin yayi: riga da siket masu bin jiki, zif a baya. Ta zaro wata shuɗiyar atamfa ta nuna mini inda zif ya ɓalle ranar da ta matsa sai ta sa ta don zuwa awon ciki. Na juya rigar na duba cikinta. Tela ya datse bakin ƙyallen tas, ko faɗin yatsa bai bari ba balle a farke a buɗa. Akwati cike da kaya, amma ba na sawa. Da na tambaye ta awon fa, sai ta ce tun ranar ba ta koma ba, don tana jin nauyin ta shiga cikin mata da kayan zaman gida.

Abin nan ya tsaya mini a rai. Mukan ɗauki zancen suturar mai ciki a matsayin zancen kwalliya, alhali ga yarinya ta bar karatu, ta bar asibiti, saboda inci biyu na atamfa da almakashi ya zubar a ƙasan shagon tela.

Jiki yana da nasa lissafin

Ciki yakan ɗauki kimanin mako 40, wato kwana 280 idan aka ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. A watanni ukun farko, lokacin laulayi, mahaifa tana can ƙasa cikin mara, ba a ganin komai daga waje. Amma ƙirji ya riga ya fara cika, shi ya sa rigar mama ce kan fara matsewa tun kafin siket ya ƙi rufuwa. Wajen mako na 12 mahaifa take fara leƙowa sama da ƙashin mara. A mako na 20 ta kai cibiya. Daga nan takan ƙaru da kimanin santimita 1 duk mako, shi ne abin da ma'aikaciyar asibiti take aunawa da tef ranar awo. Wajen mako na 36 ta kai ƙasan ƙirji.

Macen da nauyinta yake daidai kafin ta samu ciki, likitoci suna sa ran ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin haihuwa. Jaririn kansa kilo 3 ne ko da ɗan ɗori. Sauran nauyin na mahaifa ne da mabiya, da ruwan da jariri ke kwance a ciki, da nono, da kitsen da jiki ke tanada don shayarwa, da kuma jini, wanda kan ƙaru da kusan rabin abin da yake a da. Wannan ƙarin jini da aikin da jiki ke yi dare da rana su ke sa mai ciki jin zafi fiye da kowa a gida. Wadda tsohon cikinta ya faɗo a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ita ta san abin da nake faɗa.

Ku lura da abu ɗaya, shi ne ginshiƙin darasin nan. Jiki ba ya ƙaruwa bai ɗaya. Kafaɗa tana nan kusan yadda take. Tsawon hannu bai canza ba. Ciki ne ke turowa gaba, ƙirji ya cika, ƙugu ya buɗe. Saboda haka idan mace ta sayi riga babba kawai, sai wuyan ya zame, kafaɗar ta zubo, hannun ya rufe yatsu, ga kuma gaban rigar ya ɗage saboda ciki ya ɗauke shi sama. Rigar ƙatuwar mace daban, rigar mai ciki daban.

Me ya sa abin yake wahala?

Ki shiga Kantin Kwari, kasuwar da 'yan kasuwa ke zuwa sarin atamfa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Za ki ga atamfa da shadda da leshi har sai idonki ya gaji. Ki tambayi rigar da aka ɗinka musamman don mai ciki, da wuya ki dace. Mu mutanen yadi ne da tela. Ɗinkakku na masu ciki sai a manyan kantuna ko wurin masu talla a waya, yawanci kuma 'yan waje ne da aka yanka don wata ƙasa da wani yanayi: wando mai roba a ciki, riga iya gwiwa, hannu a buɗe. Ko mace ta iya kuɗin, ba za ta fita unguwa da su ba.

Sai tsada. A da muna da masaƙu. Kamfanin KTL na Kaduna ya fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, auduga kuma tamu ce daga Funtuwa da Gusau. Daga farkon shekarun 2000 masaƙun nan suka yi ta rufewa, har babban kamfanin UNTL ya tsayar da aiki a 2007. Yau galibin atamfar da ke kasuwa daga Sin ake shigo da ita, farashinta kuwa yana bin dala. A 2023 aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki Naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya sayi turmi kafin lokacin kuma ya sake saye bayansa ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Amma ni a ganina babbar matsalar tana cikin gida. Idan ciki ya bayyana, tunanin kowa yakan tsallake watannin goyonsa ya faɗa kan ranar suna. Maigida yana tara kuɗin rago da kayan fitar suna. Dangi suna shirin kayan barka. Ƙawaye suna fitar da anko. Jaririn da bai zo ba ya riga ya sami riga goma. Ita kuwa mai ɗauke da shi, sai a ce ta lallaba, "ai 'yan watanni ne." 'Yan watannin nan, daga na huɗu zuwa na tara, rabin shekara ne cur. Kuma bayan haihuwa mahaifa kan ɗauki kimanin mako 6 kafin ta koma yadda take, wanda ya yi daidai da arba'in ɗinmu. Jikin ma ba lallai ya koma cikin kayan lefe ba ko bayan nan.

Ga kuma kunya, musamman a cikin fari. Kunya ado ce, ba na musu. Sai dai na ga yarinyar da ke tamke zane a kan ciki don kada surukai su gane, tana fama da ƙwannafi da numfashi sama-sama. Na ga wadda ta kasa buɗe baki ta ce wa tela namiji, "Juna biyu gare ni," ya auna ta yau, ya ba ta ɗinkin bayan wata guda, ta karɓa ya riga ya yi mata kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kuma cikin mako 12 na farko. Wadda ke ɓoye ciki, ko ba ta da abin sawa ta fita, ta ina za ta cika wannan?

Kada ku zaci mu kaɗai ne da wannan kunya. A birnin New York na Amurka, wata bazawara mai ɗinki, Lena Bryant, ta yi wa wata mai ciki riga mai tattara da roba a ƙugu a 1904, mata suka yi ta tururuwa wurinta. Jaridun birnin suka ƙi buga tallarta, wai ba a zancen ciki a bainar jama'a, sai a 1911 aka fara bugawa. Daga keken ɗinkinta kamfanin Lane Bryant ya tashi. Teloli mata da ke cikin ajin nan, ku riƙe wannan labari.

Zane da bubu

Iyayenmu mata ba su sha wannan wahalar kamar mu ba, kuma dalilin a fili yake. Zane ba shi da lamba. Yadi 2 ne na atamfa, ki ɗaura shi inda ya yi miki daɗi, yau a ƙugu, gobe a saman ciki, jibi a ƙirji. Buba mai faɗi a sama, shi ke nan. Ɗinkin matse jiki da zif ne ya zo ya ɗaure mu da awo ɗaya, kamar jikin mace ba ya motsi.

Ba ina cewa kowa ta koma shigar kakarta ba ne. Ina cewa a akwatin kowace matar aure ya kamata a sami kala biyu ko uku da ba su san awo ba. Mafi sauƙinsu bubu, kuma lissafinta ba wuya. Turmin atamfa yadi 6 ne, kowane yadi inci 36. Faɗin atamfa kuwa inci 45 ne ko da ɗan ɗori. Mace matsakaiciya, daga kafaɗa zuwa idon sawu, takan kai inci 54. Idan aka ninka ƙyalle gida biyu a kafaɗa, gaba da baya, ana buƙatar inci 108, wato yadi 3 cif. Ashe ke nan turmi ɗaya zai fitar da bubu biyu. A yanke wuya a tsakiyar ninkin, a ɗinke gefe da gefe a bar wurin hannu. Ko an shigo da ɗinkin gefen inci 8 daga kowane baki, faɗin da ya rage ya ishi cikin wata tara ya sake. Abu ɗaya za ki kula: ki zaɓi atamfar da adonta ba shi da sama da ƙasa, in ba haka ba tsuntsayen da ke bayanki za su tsaya da ka.

A gaban tela

In da hali, ki je wurin tela mace. In kuwa namiji ne kuma nauyi ya hana ki, ki tura yayarki ko ki rubuta a takarda, ai amfanin karatun ke nan. Abin da ya zama dole shi ne tela ya san watan cikin, don ya yi awon inda jiki zai kai.

Ki ce a ɗauki awon kafaɗa daidai, kada a ƙara. A ƙirji a ƙara inci 3 ko 4. Daga ƙasan ƙirji a saki rigar da tattara ko a yi mata yankan da ke buɗewa zuwa ƙasa. Gaban rigar ya fi bayanta tsawo da inci 2 zuwa 3, domin idan ciki ya turo, bakin ya daidaita. Siket kuma a sa masa zariya maimakon zif. Na fi son zariya a kan roba, don roba takan ci fata idan ciki ya tsufa, zariya kuwa ke ce mai iko da ita.

Sai abin da na fi so ku tafi da shi gida. Ki ce a tsaga gaban rigar daga wuya zuwa ƙasan ƙirji, a sa maɓalli ko zif. Rigar da ke buɗewa ta gaba ba ta gama aiki ranar haihuwa ba. Da ita za ki yi jego, da ita za ki shayar, wata 6 na nono zalla da abin da ya biyo baya har yaye. Idan maigida ya ce asara ce a ɗinka kayan 'yan watanni, ga amsarsa: kayan shekara biyu ne.

Ga masu shirin aure da iyayen amare kuma, tun ranar da aka kai lefe ɗinki ake gyara wannan. A ce wa tela ya bar inci 1 da rabi a cikin kowane gefe, kada ya datse. A karɓo ragowar ƙyalle a adana. Kuma kada a ɗinke lefe duka. Turmi biyu da aka bari a ƙasan akwati za su yi rana.

Yadi, gwanjo da kayan ciki

Ba kowace atamfa ce auduga ba. Mai arha sau da yawa roba ce, ko an gauraya. Roba ba ta shan gumi, sai ta riƙe zafi a jiki, ƙurajen zafi su feso a ƙasan nono da matsematsi. Gwajin ba wuya: ki zare ɗan zare daga bakin ƙyalle ki kusanta shi da ashana. Auduga takan ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa sai ta narke ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Wannan narkewa ita ce hatsarinta a bakin murhu, domin idan ta kama tana manne wa fata. Mai tsohon ciki ba ta ganin ƙasanta sosai, ga bubu da baza. In za ki yi girki, ki tattare ta ki ɗaura zane a kai.

Gwanjo ma hanya ce, ba abin kunya ba. A Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, ranar da aka fasa dila akan dace da dogayen riguna na auduga masu taushi, har da waɗanda aka yi don masu ciki. Ki duba hammata da zif, ki ja robar ki ga ko ta mutu. In kin kawo gida ki wanke da sabulu, ki shanya a rana ta bushe ƙayau, ki goge kafin ki sa.

Kayan ciki su aka fi mantawa, su ne kuma suka fi cutarwa. Rigar mama mai ƙarfe a ƙasa, idan ta matse, ki ajiye ta. Ki nemi ta auduga mai faɗin igiya, wadda ke da maɗauri hawa uku ko huɗu a baya, ki saye ta tana rufuwa a hawan ciki don ki riƙa sassautawa. Kamfai ma na auduga, wanda ke zama a ƙasan ciki ko ya rufe shi gaba ɗaya, ban da mai yanka shi a tsakiya. Takalmi kuwa mara tsini, mai kama ƙasa, don ƙafa takan kumbura, wata ma lambar takalminta kan ƙaru ta zauna haka.

A nan dole in tsaya in ja kunne. Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke saɓewa idan an kwanta an ɗaga ƙafa, abu ne da aka saba gani. Amma idan zobe ya ƙi fita farat ɗaya, fuska ta kumbura, ga ciwon kai mai tsanani ko ido na ganin dishi-dishi, wannan ba maganar tela ba ce. Alamar hawan jinin masu ciki ce, wanda kan kai ga jijjiga. A tafi asibiti a ranar.

Ga magidanta

Malamai sun karantar da mu cewa ci da sha da tufatarwa da wurin kwana haƙƙin mace ne a kan mijinta. Tufar da ba ta shiga jiki ba ta sauke wannan nauyi ba, ko da akwati goma ne. Matarka ba lallai ta faɗa maka ba, musamman a cikin fari. Kai ne za ka lura: ta daina zuwa unguwa, kullum hijabi ɗaya a kan ɗaurin ƙirji. Cikin kuɗin da kake tarawa na suna, ka cire na turmi ɗaya tun a wata na huɗu. In za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta tafi da kayan da za ta sa ta gaida mutane.

Ita ɗalibar tawa, ba mu ma kai ga sayen sabo ba. Mun sami ragowar ƙyallen shuɗiyar atamfar nan a ƙasan akwati, wata ƙawarta mai keke ta farke gefen rigar ta sa mata ƙari dama da hagu, ta cire zif ɗin siket ta zura zariya. Yayarta ta aro mata bubu biyu. Ranar Litinin ta je awo, ranar Laraba na same ta a bencin gaba.

Lissafi

A ce turmin atamfa Naira 15,000 ne, ɗinkin bubu ɗaya kuma Naira 2,500. Nawa ne kuɗin yadi ɗaya? Nawa za a kashe a sami bubu biyu? Idan mace ta sa su tun daga wata na huɗu na ciki har jaririnta ya shekara ɗaya, wata nawa ke nan, kuma nawa kuɗin ya kama a kowane wata?

Wata mace doguwa ce, daga kafaɗarta zuwa idon sawu inci 60. Yadi nawa bubunta zai ci? Turmi ɗaya zai ishe ta bubu biyu?

Tattaunawa da aikin gida

Ku kasu uku-uku ku tattauna: a unguwarku, wa mai cikin fari take iya faɗa wa cewa kayanta sun matse ta? Idan babu, wa ya kamata ya fara yi mata maganar?

A gida, kowa ta ɗauko riga ɗaya daga akwatinta, ta juya cikinta, ta auna ƙyallen da tela ya bari a gefe. Ki rubuta abin da kika samu da inci. Sannan ki rubuta wa tela takarda mai layi biyar, ki bayyana masa rigar da kike so a ɗinka wa mai cikin wata biyar. Ku zo da takardun mako mai zuwa, za mu karanta su a aji.